Mai Gyaran Tocila a Yelwa

Na sauka Yelwan Yawuri da hantsi, ƙafa a kumbure,
tun asuba gwiwata na manne da buhun wani.
Kyamara a wuya kamar laya,
ina farautar abin da zan kai gida in ce na gani.

Na ɗauki albasa, tuli-tuli har bakin titi,
na ɗauki bandar kifi, baƙi ƙirin a kan tabarma,
na ɗauki akuya tana cin hoton ɗan takara a bango.
Talatin da bakwai, in ji kyamara.
Ko ɗaya bai ce da ni uffan ba.

Sai ga shi a gindin tsamiya, daura da masu faci.
Tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ce,
tociloli a jere, matattu da masu jinya,
tabarau ɗaure da zaren buhu.
Na ɗaga kyamara, ya ɗaga sukudireba:
"Yarinya, ana sallama kafin a ɗauki mutum."

Na so ƙasa ta tsage.
Na gaishe shi, ya tambayi gajiya,
ya tambayi mutanen gidan da bai sani ba, ɗaya bayan ɗaya.
Dantani sunansa.
"Fuskata me za ki yi da ita?
Kowace tasha akwai irinta goma.
In hoto kike nema, biyo ni."

Ya bar wa mai shayi amanar tebur.
Muka gangara ta bayan masu injin niƙa,
yana gaba yana ɗingishi, ina baya ina haki,
har inda jirage ke kwance da hanci a laka.
Ya yi nuni da haɓa.
"Can. Ɗauki can."

Na duba. Ruwa ne.
Ruwa mai launin tsohuwar tasa, har inda ido ya gaji.
Na ce, "Baba, ai babu komai."
"Ke kika ce.
Filafili ɗari huɗu daga nan, in iska ba ta yi gardama ba,
akwai rumbun uwata,
akwai dutsen da muke wasa wuƙa,
akwai inda aka binne cibiyata.
Shekarar da aka datse kogi ina da goma sha ɗaya.
Aka kwashe mu da tukwane da awaki.
Kazarmu ce kaɗai ta ƙi shiga jirgi.
Har yau ban yanke ba:
wauta ta yi, ko ta fi mu hankali."

Na saita, na riƙe numfashi, na danna.
Ya karɓa, ya kare rana da tafin hannu,
ya daɗe yana kallon ɗan gilashin.
Sai ya ja tsaki.
"Kin yi hagu da yawa.
Wannan gidan su Gado ne. Ba ma shiri da su."

Na matsa dama taku biyu.
"Yauwa," ya ce, bai ƙara ba.
Wani jirgi ya wuce da buhunan gawayi,
igiyar ruwansa ta zo ta taɓa mana takalma.

A hanyar dawowa ya lura murfin batirina na rawa.
Ya ɗaure shi da baƙin salatif,
ya ce naira ɗari, ba ragi.
Na biya. Motar Kontagora ta cika, aka kira ni.

A gida ƙawaye na jan hotuna da yatsa,
suna yaba albasa, suna dariyar akuya.
In sun zo kan biyun nan sai su ce,
"Waɗannan sun lalace, goge su."

Ban goge ba.
Fuskarsa ba ni da ita, kuma ta fara dusashewa a kaina.
Salatif ɗin dai yana nan.
Ruwa biyu ne, toka-toka, ba mai iya bambanta su,
amma ni na san wanne ne gidan su Gado.